Farantan Kawa na Gwaggo Idalina

Gwaggo Idalina yayar mahaifina ce. Duk wanda ya taɓa shiga gidanta a ƙauyenmu da ke gefen kogin Sado a ƙasar Fotugal, bangon falonta yake fara kallo kafin ya tuna da gaisuwa. Ba ka ganin fentin bangon, don ta rufe shi da farantan tangaran tun daga saman kujera har kusa da rufi. Akwai farare, akwai shuɗaye, akwai masu ruwan zinariya a baki. Kowanne yana da gurabe zagaye da shi masu siffar ɓawon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu da ake ci, da ƙaramin gurbi a tsakiya inda ake ajiye yankin lemun tsami. Ba biyu da suka yi kama da juna.

Tun ba ta isa aure ba take aikin kawa. A zamaninsu idan ruwa ya janye, maza ne ke shiga laka har gwiwa, su kwaso kawa cikin kwanduna, su loda a kwale-kwale. Mata kuma suna jira a rumfa. Kawa tana girma ne manne da 'yan uwanta, ɓawo a kan ɓawo, har ta zama dunƙule guda kamar dutse. Aikin mata shi ne su raba su da wuƙa, su kankare, su ware manya daga ƙanana. Ɓawon ya fi reza kaifi, kuma da sanyi aka fi yin aikin, lokacin da yatsa ke sandarewa har mutum ya yanke bai sani ba sai ya ga jini a kan benci. Duk wadda aka gyara, buhu ake zubawa a tura Faransa. Mu mutanen wurin ba mu ɗauke ta wani abinci ba. Ƙananan da 'yan kasuwa suka ƙi su ake jefawa kan faifan ƙarfe bisa garwashi, a ci da burodi a tsaye.

A bencin nan Gwaggo ta samu ƙawarta Gracinda, mace gajera mai bakin da ba ya hutawa. A nan kuma ta samu miji. Felisberto, wanda mu yara muka taso muna kira Baba Berto, matuƙin kwale-kwale ne. Kullum shi ke zuwa ya juye kwandon da ya fi kowanne laka a gaban Idalina.

Ran nan ta gaji ta ce, “Kai wai me na yi maka? Duk rumfar nan ni kaɗai ka ga ta dace da ƙazanta?”

Gracinda ta riga shi amsawa. “Sakarai, so yake ki daɗe a zaune, ya samu lokacin kallonki. Dubi kunnuwansa yadda suka yi ja.”

Kafin sanyi ya zagayo an ɗaura musu aure a cocin ƙauye.

Ba su daɗe da aure ba kawa ta fara mutuwa. Maza su shiga laka su tarar da ɓawo a buɗe, ciki sai wari. Wasu suka ce cuta ce, wasu suka ce ƙazamin ruwan masana'antun da aka gina a bakin kogi ne. Gwaggo ba ta taɓa yarda a ja ta cikin wannan gardama ba. Abin da take cewa kawai shi ne, wata safiya ta je rumfa da wuƙarta, ta tarar babu ko kwando ɗaya. Cikin 'yan shekaru ƙauyen ya watse. Baba Berto ya tafi birnin Bordeaux na Faransa yana leburanci a wurin gini, ita kuma ta bi shi daga baya. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka su biyu ne a ɗaki ɗaya, a hawa na ƙarshe, ƙarƙashin rufin da ke yoyo.

Aikatau ta samu a gidan wata tsohuwa mai suna Madam Veyrac, wadda mijinta likita ya rasu ya bar ta cikin ƙaton gida. Madam ba muguwa ba ce, amma ba ta taɓa tambayar Idalina daga wane gari take ko me take yi a da ba. Abin da ke haɗa su bai wuce “goge nan” da “to, Madam”.

Wata rana aka sa ta kwashe kayan wani dogon kabad na ɗakin cin abinci ta wanke. Tana kan tsani ta jawo wani faranti daga can ƙurya. Fari ne, bakinsa da zinariya, gurabensa kuma an shafa musu wani launi kamar cikin kunnen jariri. Ta juya shi, ta sake juyawa.

Ta ce da guntun Faransancinta, “Madam, wannan na ƙwai ne?”

Madam ta ɗago daga jaridarta ta yi dariya. “Na kawa ne. Kowace da gurbinta. Ai ta ƙasarku ma muka riƙa ci a kai. Marigayi ba ya taɓa wata sai ta Fotugal. Da aka daina kawo ta, sai da ya yi kamar an yi masa mutuwa.”

Gwaggo ta zauna a matakin tsani riƙe da farantin. Duk shekarun da ta yi tana cika buhu, ba ta taɓa tunanin inda buhun ke ƙarewa ba. Ashe abin da take kankarewa da laka har gwiwar hannu, a wani gari farantinsa daban yake da shi, har da zinariya. Dariya ta kama ta, ta yi ta yi, sai kuma ta ga hawaye na ɗiga cikin gurbin farantin.

Madam ta tsorata. “Idalina, lafiya? Ko kin ji ciwo?”

Kalmomin ba su ishe ta ba, sai kawai ta miƙa hannayenta. Tun daga yatsu har wuyan hannu tabon yanka ne, fari-fari, wani kan wani. Ta kwaikwayi yadda ake riƙe wuƙa a murɗa. Madam ta cire tabarau ta daɗe tana kallo. Daga nan ta tashi da kanta ta shiga kicin ta haɗo kofi, abin da ba ta taɓa yi ba, suka zauna a tebur ɗaya. Ranar ba a gama wankin kabad ba. Da Gwaggo za ta tafi, Madam ta naɗe farantin cikin tawul ta saka mata a jaka.

Ta ce, “Goma sha biyu ne a ranar aurena. Shi kaɗai ya rage, yana ta zama a duhu. Gara ya je inda aka san darajar abin da yake ɗauka.”

Daga nan abin ya shige ta. Kowace Lahadi in an tashi daga coci, sai ta bi ta kasuwar gwanjo, inda ake baza kayan gidajen mutanen da suka mutu: agogo, fitilu, cokula, hotunan da ba wanda ya san masu su. Ta koyi ɗaga faranti sama ta ga ko hasken rana na ratsa shi, don tangaran na gaske sai ka hango inuwar yatsunka ta bayansa. Ta koyi ɗan ƙwanƙwasa shi da farce. Mai lafiya yana amsawa kamar ƙararrawa, mai tsagewa a ɓoye kuwa muryarsa a dishe take. Ba ta iya karatu sosai ba, amma ta haddace tambarin da ke ƙasan kowanne, ta san na garin Limoges daga na wani wuri. Cikakken jeri mai faranti shida ko goma sha biyu ba ta ma tsayawa a kansa, ya fi ƙarfinta, kuma ba shi take so ba. Wanda 'yan uwansa suka farfashe ya rage shi ɗaya take nema. Marayu take ce musu.

Baba Berto ya sha mita. “Kowa a nan yana tara abin da zai gina gida in ya koma. Ni matata tana tara kwanon abincin da ya mutu.”

“Kai da kake tara toka a huhunka fa? Aƙalla nawa ana gogewa ya yi ƙyalli.”

Yana mitar, amma shi ne ya kwaso guntayen katako daga wurin gini ya haɗa mata kantar jera farantan. Wata ranar Lahadi ma da zazzaɓi ya kwantar da ita, ya fita shi kaɗai, ya dawo yana ƙunshe da wani abu cikin jarida, yana ta murmushi.

“Buɗe ki gani. Ba ke kaɗai ke da ido ba. Naki duk gurbi shida ne, wannan ya ninka.”

Ta buɗe, ta duba, ta kifa fuskarta cikin matashi tana dariya har tari ya sarƙe ta.

“Berto, wannan na dodon koɗi ne!”

“To ba duk masu ɓawo ba ne?”

“Kai ma kana da ƙafa biyu, kaza ma tana da ƙafa biyu.”

Ya yi fushi ya ce zai mayar. Ta riƙe ta ce ko da wasa. Ta ba farantin wuri a tsakiyar kanta.

Ta zauna da Madam Veyrac har ƙarshe. Ita ce ta riƙe mata hannu a asibiti lokacin da 'ya'yanta ke kan hanya daga Paris. Bayan rasuwar, da ƙarfin Baba Berto ya fara raguwa, suka ce lokacin komawa gida ya yi. Farantan aka fara shiryawa. Duk riga, duk safa, duk zanen gado da suka mallaka, sai da aka naɗe tangaran da shi. Baba Berto ya tuƙa tsohuwar motarsa ya ratsa ƙasar Sifen kamar mai ɗauke da ƙwai, manyan motoci na ta danna masa oda a baya. Duk ramin da ya faɗa, Gwaggo sai ta kama ƙirji ta kira sunan wani waliyyi. Ya ce kafin su iso gida, waliyyan sun ƙare, ta fara maimaitawa.

Suka gyara gidan iyayenta, ta yi jerenta a bango. Gracinda ta zo ganin ɗaki, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

“Idalina, shekara ashirin da ɗoriya a Faransa, abin da kika kawo mana ke nan? Faranti mai ramuka? Wannan ko miya aka zuba ai sai an bi ta gida-gida.”

“Na kawa ne, jahila.”

“Wace kawar? Wadda muka binne tun muna da haƙora?”

Haka ƙauye ya ɗauke ta, wadda ta dawo da ɗan taɓi a kai, amma mai kirki. Ita ko a jikinta. Kowace Asabar takan sauke wasu ta wanke cikin baho da ta shimfiɗa wa tawul a ƙasa, ta mayar.

Baba Berto ya rasu da sanyin wata shekara, ciwon huhu. Daga ranar Gwaggo ta daina wankin Asabar. Ƙura ta hau zinariya, gizo ya yi saƙa tsakanin faranti da faranti.

A lokacin ne na zo wurinta. Aurena ya mutu a birnin Setúbal, kamfanin kifin gwangwani da nake aiki ya rufe, mahaifina kuma ya riga mu gidan gaskiya. Ina da shekara arba'in, ba ni da inda zan ajiye akwatina. Na buga mata waya ina ta kewaye-kewaye. Ta katse ni.

“Noemia, ɗaki yana nan. Ki taho da bargo, nawa sun tsufa.”

Ba ta tambaye ni abin da ya faru ba, ranar ko bayanta. Muka zauna mu biyu. Ta dafa miyar kabeji, ni in wanke kwano.

Wata safiya Amílcar, ɗan Gracinda, wanda yake kamun kifi, ya shigo da bokiti ya dire a ƙofar kicin. Ya ce, “Inna Idalina, ki duba min wannan. A jikin turakun tsohuwar rumfa na ɓamɓaro.”

Ta leƙa. Ta sa hannu ta ɗauko dunƙule guda, ta shinshina. Ta shiga ɗaki ta daɗe, muna jin tana jan akwati, ta fito da wata gajeriyar wuƙa mai ƙotar da ta yi baƙi. Murɗa ɗaya ta yi, ɓawo ya buɗe, ruwa ya zubo mata a hannu.

A hankali ta ce, “Da ranta.”

Ashe ruwan kogin ya daɗe yana gyaruwa. Amílcar ya ce wasu sun riga sun nemi izinin kiwon kawa can gaba, shi ma yana so, amma yana neman wanda zai tsaya a rumfa. Gwaggo ta juyo ta kalle ni.

Na ce, “Gwaggo, ni ban san komai a kai ba.”

“Gwangwanin kifi da shi aka haife ki? Tashi ki nemo takalmin roba.”

Shekarar farko ta ba mu wuya. Zafi ya kashe mana fiye da rabi, guguwa ta tafi da wasu jakunkunan raga da muke kiwo a ciki. Sau da yawa na dawo na zauna a dokin ƙofa na ce na bari. Gwaggo ba ta iya lallashi ba. Sai dai ta ajiye min baho na ruwan ɗumi da gishiri in tsoma hannu, ta tura min kwanon abinci, ta ce, “Ci. Gobe ruwa da wuri zai janye.” Da gwiwoyinta masu ciwo take bi na rumfa, ta zauna kan benci ta nuna min inda ake sa bakin wuƙa. In na yi daidai ba ta cewa komai. In na ɓata kuwa har masu wucewa sai sun ji.

Da kawarmu ta farko ta isa sayarwa, na zo da murna ina gaya mata wani gidan abinci a Setúbal zai karɓa. Ta ce, “Su jira. Kwandon farko nawa ne.”

Ta sa ni hawa kujera na sauke farantan nan kaf. Kwana biyu muna wanki. Ta aika a kira duk matan da suka yi zaman rumfa da ita waɗanda ke da rai. Ran Lahadi da rana suka zo, wata da sanda, wata a keken guragu, wata an riƙo ta. Muka haɗa tebura a ƙarƙashin itacen ɓaure na tsakar gida. Amílcar yana buɗewa, ni ina jerawa, kowace kawa a gurbinta, lemun tsami a tsakiya. Aka ajiye wa kowace tsohuwa nata farantin.

Matan nan da suka cika buhuna ba iyaka, ba wadda ta taɓa ganin kawa a zaune haka. Wata ta goge hannunta a siket kafin ta taɓa bakin farantin.

Gracinda ta ce, “To yanzu ɗanya za mu ci? Ina wuta?”

Gwaggo ta ce, “Haka masu kuɗi ke ci. Ki matsa lemo ki haɗiye.”

“Ke fara. Ke ce Bafaranshiya.”

Sai a lokacin muka gane ita ma ba ta taɓa ci ɗanya ba. Ta ɗauki ɗaya, ta matsa lemo, ta rufe ido ta zuba a baki. Muka zuba mata ido. Ta haɗiye da ƙyar, ta yamutsa fuska.

“A kan wannan suka ɓata zinariya? Amílcar, hura gawayi!”

Dariyar da aka yi har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Aka kawo faifan ƙarfe aka gasa, aka mayar cikin gurabe da zafinta, aka ci da burodi da man zaitun. Aka tuno waɗanda suka mutu, da mai awon da ke danne sikeli da babban yatsa, da ranar da Gracinda ta faɗa laka da kayan coci.

Ana cikin haka Gracinda ta ɗaga farantinta za ta miƙa a ƙara mata. Hannunta yana rawa tun bara. Farantin ya suɓuce ya daki dutsen tsakar gida. Shuɗi ne mai zanen ciyawar ruwa, wanda Gwaggo ta fi shekara tana zagayen mai shi kafin ya sallama mata. Gracinda ta dafe baki, idanunta suka cika.

Gwaggo ta dubi gutsattsarin. Sannan ta ce, “Ya fi shekara ɗari a duniya, rabinsu a rataye kamar hoto. Yau ya ci aiki, ya mutu a bakin aiki. Noemia, ba ta wani. Ki ba ta mai kauri.”

Da za a watse ta hana a tattara. Ta ce kowace ta tafi da farantin da ta ci a kai. Suka yi ta ƙi, ta yi ta zagi, har suka karɓa. Na kira ta gefe na ce, “Gwaggo, rabin bangonki fa ke nan.”

Ta ce, “Ni ma kyauta aka yi min. Na je ƙasar mutane ba na jin yarensu, wata tsohuwa ta zaunar da ni a teburinta. Na samu miji da ya yi ta mita yana buga min kanta. Na ga kogin nan ya mutu, ban ɗauka zan rayu in ga ya tashi ba. Me kuma zan riƙe?”

Yanzu ni da Amílcar muna da ma'aikata, kuma na gina ɗakina a bayan nata. Duk abin da na zama bayan shekara arba'in, a dokin ƙofar matar nan na same shi. Na taɓa ƙoƙarin gaya mata haka, ta ce in daina surutu in duba ko wake ya nuna.

Ta haura tamanin da biyar, idonta ɗaya ya yi hazo, amma guraben da suka buɗe a bango sun ba ta sabon dalili. Makon jiya ta tashe ni wai an gaya mata akwai wani faranti mai siffar jirgin ruwa a kasuwar wata-wata ta garin Azeitão. Na ajiye aikina na kai ta. Muka bi rumfa-rumfa tana dogara hannuna, har muka same shi. Ashe farantin zuba tokar sigari ne. Ta gaya wa mai kayan abin da take tunani game da shi da wanda ya kawo mata labari. Daga nan ta ce yunwa take ji. Na saya mata cuku da burodi mai zafi, ta cinye a mota, ta zubar da ɓurɓushi ko'ina, kafin mu kai gadar farko ta yi barci.